Tsatsa Ba Ta Yin Sallama

Ɗana, ruwa ya ɗauke. Ciyawar bakin hanya ta fara ja, manoma suna ta kai amfanin gona gida, in ka fito sallar asuba kuma za ka ji iskar ta sauya, ta fara cizon kunne. Nan da 'yan makonni hazo zai sauko har mutum ya tsaya a Rafin Guza ya kasa hango hayin kogi. A wannan ɗan tsakani, bayan ɗaukewar ruwa a watan Oktoba, kafin hunturu ya kankama, nake so ka ba ni aron hankalinka mu yi magana a kan babur ɗinka.

Na san matsayin babur a wurinka. Da shi kake sauke ƙannenka a makaranta, da shi kake ɗauko kaya daga kasuwar Kawo ranar Talata, wani ma da shi yake ci da iyayensa. Farashi kuwa ka fi ni sani. Boxer sabo dal ya haura naira miliyan ɗaya, kayan gyara kullum hawa suke yi, fetur kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayu na 2023 ba a sake sayensa da daɗin rai ba. Wanda nasa ya mutu bana, ba lalle ne ya iya sayen wani baɗi ba. Duk da haka, in ka zauna a rumfar bakanike ka lura da baburan samari da ake turowa, za ka ga da yawa ba haɗari ne ya kashe su ba. A tsaye suka ruɓe, mai su yana kai yana kawowa bai ankara ba.

Kwanan nan na ga abin da ake yayi a tsakaninku, wato gwangwanin feshi mai hana tsatsa. Kun gani a waya Turawa suna feshe baburansu kafin sanyi ya shigo, sai kowa ya sayi nasa ya hau fesawa daga fitila har lamba. Niyyar mai kyau ce, kuma na yaba da ita, domin yaron da ya damu da kayansa ya kama hanyar zama mutum. Sai dai ya kamata ka san abin da ya sa su suke yi, don ka gane inda naka ya sha bamban da nasu. A ƙasashe irin su Ingila da Jamus da Kanada, idan sanyi ya yi tsanani ƙanƙara takan daskare a kan titi, sai hukuma ta bi da motoci tana watsa gishiri don ta narke. Wannan ruwan gishirin shi taya ke fallatsa wa injin da ƙashin babur wata da watanni, kuma yana saurin cin ƙarfe ƙwarai. Shi ya sa mai babur a can ko dai ya kulle shi a ɗaki sai sanyi ya wuce, ko ya lulluɓe ƙarfen da mai na musamman. Irin wanda suka fi yabo, ACF-50, a Kanada ake yin sa, kuma asali don jiragen sama aka ƙirƙiro shi. Shi kuwa WD-40 da kuke gani a shagunan kayan gyara, a birnin San Diego na Amurka aka fara haɗa shi a 1953, don ya kori danshi daga jikin makamai masu linzami.

Namu hunturun busasshe ne. Iska ce mai kwaso ƙura tun daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta bushe leɓe, ta tsage ƙafa. Tsatsa kuwa ba ta samuwa sai ƙarfe da iska da ruwa sun haɗu. Saboda haka a nan Kaduna damina ce ke haifar ta. Ruwan da ke sauka a garin nan ya haura milimita 1,000 a shekara, kuma kaso mafi tsoka yana zuba ne daga Yuli zuwa Satumba. Abin da hunturu ke yi shi ne ya rufe ɓarnar da ƙura, ka daina ganinta, ka ɗauka lafiya lau ce, sai ruwan farko na baɗi ya sauka ta ci gaba daga inda ta tsaya. Wannan ne dalilin da ya sa na ce yanzu ne lokacin gyara, ƙarfe ya fara bushewa, ƙura kuma ba ta riga ta binne shi ba. Da sanyin safiya ake kama fara.

Mu kuma mutanen Rafin Guza namu ya fi na 'yan tudu. A gangare muke, kogi yana maƙwabtaka da mu. Iyayenka ba su manta da ambaliyar 2003 da ta 2012 ba, lokacin da Kogin Kaduna ya tumbatsa ya shiga gidajen mutane. Ko a shekarar da Allah ya kiyaye ba a yi ambaliya ba, hanyoyin cikin unguwa sukan kwana da ruwa, ga laka mai danƙo da ke liƙewa a ƙarƙashin madigadi, da bayan injin, da cikin gidan sarƙa. Ruwan sama da ya daki tanki ya gangara ya bushe cikin awa ɗaya bai cika yin illa ba. Lakar nan ce muguwa, domin tana riƙe danshi a jikin ƙarfe kwana da kwanaki bayan gari ya washe. Ko yanzu da ruwa ya ɗauke, babur da ya kwana a tsakar gida kusa da fadama da raɓa yake tashi.

Kada kuma ka ce ai mu ba a watsa mana gishiri a titi. Muna da namu, sai dai ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Na farko shi ne takin zamani. Yanzu ne masu lambu a bakin kogi ke shirin noman rani, kuma a bayan babur ake kai musu buhunan NPK da yuriya. Buhu ba ya rasa 'yar huda, garin ya zuba a kan kariya, ya shiga ƙarƙashin kujera, ya ja danshi daga iska ya narke a wurin. Je ka dubi baburan da suka daɗe suna wannan aiki, za ka ga kariyarsu da bayan ƙashinsu ne suka fara cinyewa. Haka buhun gishiri, haka kashin kaji da ake kai wa gona, haka fitsarin akuya da aka ɗaure a baya za a kai kasuwa. Ban ce ka ƙi ɗaukar kaya ba, neman halal ne. Shimfiɗa tsohon buhu ko leda mai kauri kafin ka ɗora, in ka sauke kuma ka ɗauraye wurin da ruwa a ranar, kada ya kwana.

Na biyu shi ne garin sabulun wanki. Nakan ga samari sun tura babur har cikin ruwa a bakin kogi, taya ta nutse rabi, sun zazzaga omo a bokiti sun yi kumfa kamar ana wankin biki, sun goge, sun watsa ruwa sau ɗaya, sun hau sun tafi. Babur yana ƙyalli, mai shi yana jin daɗi. Amma garin sabulun nan yana ɗauke da sinadarai dangin gishiri, kuma an yi shi ne don ya cire maiƙo, saboda haka yakan wanke giris ɗin da ke kare boris da sauran gaɓoɓi, ragowarsa kuma ta maƙale a lungunan da ruwa bai kai ba. Ruwan kogin ma da yashinsa yake tafe, ya shiga kwanon birki, ya shiga cibiyar taya. Bayan wata biyu ka ji taya tana gurnani, ka ce kayan yanzu ba su da ƙarko. Ɗebi ruwa a bokiti ka koma gefe, ka sa sabulu kaɗan, ka ɗauraye sau biyu ko uku. In wurin masu wanki da injin ka kai, roƙe su kada su saita bakin ruwan a kan cibiyar taya, da wayoyin wuta, da bakin salansa.

To, mu dawo kan feshin. Babban kuskuren da nake gani shi ne a fara da shi, alhali shi ne aikin ƙarshe. Ka san yadda iyaye mata ke yi wa yara da hunturu: ba a shafa wa yaro mai a kan dauɗa, sai an yi masa wanka an goge kaushin, in ba haka ba ƙafar ta ci gaba da tsagewa a ƙarƙashin man. Haka ƙarfe yake. Wanda ya fesa mai a kan laka da taki ya kulle ɓarnar a ciki ne kawai. Fara da wanki na gaske, ka cire kujera da murafan gefe, ka sa tsinke ko tsohon buroshin haƙori ka ƙwaƙule lungu-lungu. Sannan ka bar shi a rana ya bushe sarai, ka ɗan zaga da shi don zafin injin da iska su kori ruwan da ya ɓuya, ka dawo ka jira ya huce. Daga nan sai ka durƙusa ka duba da idonka. Inda ka ga ja-ja a sama-sama, goge da samfefa mai laushi har farin ƙarfe ya fito. In wurin fenti ne ya ɓare, sa masa fenti ko da launin bai dace sosai ba, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda kuwa ka danna da sukudireba ka ji ƙarfen yana ɓarewa ko ya yi rami, musamman a ƙashin babur ko inda shokazoba ke kamawa, wannan ya wuce aikin gwangwani. Kai wa mai walda tun bai karye da kai a kan gadar Kawo ba.

Bayan duk wannan ne za ka ɗauko feshin, kuma kaɗan ake sawa. Hanya mafi kyau ita ce ka fesa a tsumma mai tsabta ka bi ƙarfen da shi, ka bar ɗan siririn bututun nan na gwangwani don wuraren da hannu ba ya kaiwa: kan notuna, mahaɗar walda, ƙarƙashin tanki, cikin madigadi, gindin jek, mahaɗar wayoyin wuta, da bakin wayar kuloci da ta totur. Ka ba shi 'yan mintoci ya ratsa, sannan ka goge duk wanda ya yi yawa. In ka ga yana ɗiga, ka wuce gona da iri.

Akwai wuraren da ko kusa kada man ya je, kuma a nan nake so ka buɗe kunne da kyau, domin maganar ta tashi daga ta dukiya ta koma ta rai. Birki da taya. Ko na faifai ne ko na kwano, idan mai ya taɓa abin da ke kama birki, zai sha shi, kuma ba ya fita da wanki, sai dai a sauya. Za ka taka ka ji babur yana ci gaba da tafiya, ga Keke Napep ya tsaya cak a gabanka. Taya mai maiƙo kuma a kwanar farko take zamewa. Kafin ka fara, rufe su da leda ko tsohuwar jarida ka ɗaure. Haka mariƙin hannu da matakan ƙafa da kujera, a bar su a bushe. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

Sannan ga abin da Bature bai damu da shi sosai ba, mu kuwa shi ne babbar matsalarmu daga Nuwamba zuwa Fabrairu: ƙura tana son mai. Duk inda ka bari da danƙo, kafin yamma ya zama baƙin kwaɓi mai yashi, kuma wannan kwaɓin yana cin ƙarfe a duk gaɓar da ke motsi fiye da yadda tsatsar za ta ci. Sarƙa ce ta fi shan wannan wahala. Al'adar da kuka gada ita ce a je wurin mai juye a roƙi baƙin mai a gora a kwarara mata. Na san kyauta ne, amma araha ba ta ado. Man da aka juye daga injin ya riga ya gaji, cike yake da ɓurɓushin ƙarfe da dattin ƙuna, ga shi tsinkakke, da ka tashi sai ya fallatsa a taya da ƙafar wandon fasinja. Wanke sarƙar da kananzir da buroshi, ka goge, ka ɗiga mata man giya mai lamba 90 ko man sarƙa, gaɓa-gaɓa, kana juya taya da hannu, injin a kashe. Na nanata, injin a kashe. Akwai masu yatsu tara a garin nan da za su ba ka labarin dalili. Shi WD-40 da ire-irensa masu ruwa-ruwa suna da amfani wajen kwance noti da ya cije da korar danshi, amma ba sa daɗewa, ba za su tsaya wa sarƙa a matsayin mai ba. Gidan sarƙa kuma da wasunku ke cirewa wai don babur ya fi kyan gani, a mayar da shi. Waɗanda suka ƙera babur ɗin sun san irin hanyoyin da zai bi.

Tsatsar da ta fi cin kuɗi ita ce wadda ba a gani. Leƙa cikin tankinka da tocila. Tankin da kullum lita ɗaya ce a cikinsa, sauran duk iska ce, kuma idan dare ya yi sanyi danshin iskar nan yakan zama ɗigon ruwa a bangon tankin, ya gangara ya kwanta a ƙasa tunda ruwa ya fi fetur nauyi. Ƙara da man 'yan bumburutu da ba ka san jarkar da ya kwana a ciki ba. A hankali gindin tanki ya yi ja, garin ya bi ya toshe kafireto, babur ya riƙa shaƙewa a hanya, ƙarshe tankin ya fara tsattsafo. Na san halin da ake ciki, ba kowa ke iya cika tanki ba. Amma ko ba komai ka sa 'yar matatar mai a kan tiyo, kuɗinta bai taka kara ya karya ba, kuma lokaci-lokaci ka sa bakanike ya zubar da abin da ya taru a kafireto.

Salansa ita ma daga ciki take ruɓewa. Wataƙila ba ka sani ba, duk litar fetur da injin ya ƙona tana fitar da ruwa kusan lita guda a matsayin tururi. In tafiyar mai nisa ce salansa ta yi zafi, duk ya fice. In kuwa daga gida zuwa shagon mai shayi ne da sanyin safiya a kashe, ruwan a ciki yake zama. Salansa da yawa suna da 'yar huda a ƙasa don ya ɗiga; duba ko laka ta toshe taka. Sai rim. Idan ka ga kana yawan zuwa wurin mai faci ba tare da ka taka ƙusa ba, ce masa ya cire tayar gaba ɗaya ku duba ciki. Sau da yawa ruwan damina ne ya bi ta gindin sifoka ya shiga, rim ya yi kaushi yana huda tib. A kankare, a shafa fenti, a sauya robar da ke rufe kan sifokan. Kan batir in ya yi fari-fari ko kore, cire wayoyin, ka fara da ta baƙi, ka wanke da ruwan zafi, ka busar, ka mayar ka shafa basilin. Kada kuma ka manta da lambar shasi da ke wuyan babur da ta jikin injin. Goge su ka shafa ɗan giris. Ranar da jami'in tsaro ya tsayar da kai ya nemi ya gwada lamba da takarda, ko ranar da ka tashi sayarwa, lambar da tsatsa ta cinye za ta sa a yi maka kallon da ba ka cancanta ba.

Shi kansa gwangwanin yana buƙatar hattara. Abin da ke cikinsa yana kama wuta. Kada ka fesa a injin ko salansa mai zafi, ko kusa da mai shan taba, ko a cikin ɗaki a rufe. Idan ya ƙare kada ka jefar a bola, domin da hunturu yara ne ke kewaye wutar bola suna jin ɗumi, gwangwanin nan kuma fashewa yake yi in ya ji wuta. Ga masu shigar da babur ɗaki ko zaure saboda ɓarayi, a raba shi da kaskon wuta da risho. Gobarar hunturu ba ta jiran a ɗebo ruwa.

Wata rana za ta kama ka ajiye babur na tsawon lokaci, ko don tafiya, ko makaranta, ko doka. Kun ga misali a ƙarshen Satumba na 2021, lokacin da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta hana hawa babur a jihar nan na tsawon wata uku saboda matsalar tsaro. Mutane da yawa jingine nasu kawai suka yi a bango da lakar damina a jiki, suka rufa leda. Da aka zo tayarwa, batir ya mutu, kafireto ya daskare, sarƙa ta sandare. Leda tana tara gumi, tsohon zanen gado ya fi ta. In za ka ajiye, yi masa duk abin da na lissafa, ka ɗora shi a jek na tsakiya, ka rufe makunnin mai ka bar injin ya ci na cikin kafireto har ya mutu da kansa, ka cire batir. In wurin ajiyar nesa yake da wuta, cika tankin. In cikin gida ne inda ake girki, juye man gaba ɗaya ya fi aminci. Idan kuma, Allah ya kiyaye, ruwa ya taɓa shanye maka babur, kada ka yi gaggawar buga kik. A cire fulogi a fitar da ruwan, a juye baƙin mai a sa sabo, a busar da matatar iska tukuna.

Da yawanku babur ɗin da kuke hawa ba naku ba ne. Na wani ne ya ba ka kana kawo balas, ko ana cire kuɗinsa a hankali har ya zama naka. Wani lokaci ma na wata baiwar Allah ce da ta haɗa kuɗin adashi ko na gado ta saya don ta riƙa samun na cefane. Nakan ji ana cewa ai ba nawa ba ne, me zai sa in ɓata kuɗina. Amana ce a hannunka, ɗana, kuma unguwa tana gani. Wanda ya mayar da babur ɗin mutane tsaf, shi ake kira idan an sayo sabo. Ke kuma 'yata da kika ba da naki haya, ba laifi ba ne ki ce a kawo miki shi ƙofar gida ƙarshen kowane wata ki duba, ko ki sa ɗan'uwanki ya duba miki. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Duk aikin nan bai wuce na safiya ɗaya ba, kuma abin da za ka kashe a kananzir da samfefa da ɗan fenti da gwangwani guda bai kai kuɗin sabuwar salansa ba, balle tanki. Zaɓi rana a cikin makon nan, ka kira ƙaninka ya riƙe maka bokiti don shi ma ya koya, ka fara da leƙa ƙarƙashin madigadin baya. In ka ga abin da ya fi ƙarfinka, tura shi wurin bakaniken da ka yarda da shi kafin Disamba ta kama. Allah ya tsare mana ku a kan hanya, ya sa albarka a abin da kuke nema.